Watandar Mai Zargi

Malam Haladu, kana ta ba ni labarin Girkawan dā, wai sun ce kowa da kason da aka yanka masa tun ranar haihuwa, kuma ba mai ƙara masa ko tsoka ɗaya. Ba sai ka je Girka ba. Wani masaƙi na garinmu ya ishe ka misali. Mutum ne da ko gaishe shi ka yi sai ya tsaya tunanin abin da kake nema a wurinsa. Wata shekara matarsa ta haihu, gida ba ko ƙashin miya, ga surukarsa ta zo zaman jego tana leƙa tukunya safe da yamma. Ana nan sai 'yan unguwa suka yi watanda, shi ma ya shiga. Ka san yadda ake yi: a yanka sa, mahauci ya kasa naman kashi-kashi, kowa ya ba da alamarsa, wani tsinke, wani tsakuwa, a kira mai wucewa wanda bai san ta kowa ba ya ɗora su a kan kason da ya ga dama.

Tun daga fiɗa masaƙi ya kafa wa mahauci ido. Ya ga ya daɗe a kan wani kaso yana jujjuya shi. Ya ga ya yi wa mai unguwa raɗa. Da aka kira wani mai itace ya ɗora alamu, ya ga an ɗan taɓa masa gwiwar hannu, sai ga tsinken masaƙi ya sauka a kan kason nan, wanda samansa duk huhu ne. Nan take ya miƙe yana rantsuwa an haɗa baki an cuce shi, ya ce dama ya san talaka ba ya da gata, ya kira mahauci ɓarawo a gaban jama'a. Mahauci ya matso ya ce masa a hankali, "Malam, bari. Ɗauki kasonka ka je gida." Mai unguwa ma ya ce ya bari. Ina! Ya ce sai an sake, kuma shi zai zaɓo mai ɗorawa. Aka kira wani Bafulatani da ke wucewa, aka sake, ba wanda ya taɓa kowa. Masaƙi ya sami kaso irin na kowa, rabi ƙashi, ya ɗauka yana murmushin wanda ya kama ɓarayi.

Kafin ya bar wurin, wanda ya sami kason da ya ƙi ya ɗaga huhun nan, sai ga tozo da hanta da tsoka zalla an danne a ƙasa. Ashe haɗa bakin gaskiya ne. 'Yan unguwa ne suka yarda a ware wa mai jego, suka rufe da huhu don kada masaƙi ya ji kunyar an yi masa sadaka. Ya tsaya yana duban fuskoki ko wani zai ce a mayar masa, amma wa zai buɗe baki bayan an kira su ɓarayi? Ni dai matar ce ta ba ni tausayi, don romon ƙashi ta sha har ranar suna. Shi kuwa, Hausawa sun gama magana: mai rabon shan duka ba ya jin bari.