Inuwar Bokitin Katafila

Wani sashe na labarin nan ya kuɓuce mini, gara in faɗa maka tun yanzu. Na manta sunan garin, na manta shekarar, ban ma iya tuna a bakin wa na fara jin sa, ko a tasha ne ko a zauren wani da na sauka. Tsufa ya ci wannan kamar yadda ya ci haƙorana. Na dai san aikin hanya ne, kuma bazara ce. Sauran yana nan daram, shi zan ba ka, tunda ka ce an ɗora maka kula da ma'aikata.

Akwai wani direban katafila, irin mai dogon hannun nan da bokitin ƙarfe a ƙarshensa, wadda ake haƙa magudanar ruwa da ita. Mutum ne mai sanyin hali, ya kuma san aikinsa. Ubangidansa da ya koya masa tuƙi ya hore shi da abu guda: in zai kashe inji, ya fara sauke bokiti har ya zauna a ƙasa, ko da ruwa zai sauka ya sha. Haka yake yi shekara da shekaru. To, a wurin nan babu inuwa ko ta tsinke, don itatuwan da ke bakin hanyar shi da kansa ya tumɓuke su a farkon aikin. In rana ta take, leburori sai su raɓe a jikin tayar tifa, wasu su rufe kai da buhun siminti. Wata rana wani dattijo a cikinsu, sa'ar mahaifin direban, ya zo ya tsaya a ƙarƙashin tagarsa ya ce, “Ɗana, kai ka cinye mana inuwa, kai za ka mayar da ita. Ɗaga mana hannun giwar nan mu rataya tamfol.” Aka yi dariya. Direba ya buɗe baki zai ce ba a yin haka, sai ya dubi furfurar dattijon da gumin da ke bin gemunsa, kunya ta rufe masa baki. Ya ɗaga hannun, ya kashe inji, ya ce a ransa na yau ne kawai.

Aka ɗaura tamfol a haƙoran bokiti, aka kafa sanduna, rumfa ta samu. Ranar direba bai ji ɗanɗanon abinci ba, idonsa na sama har aka tashi. Ba abin da ya faru. Kashegari ma haka. Sannu a hankali mai abinci ta dawo da tukwanenta nan, nan ake shimfiɗa buhu a yi azahar, aka ma fara kiran direban mai rumfa, ana ajiye masa wuri a tsakiya, daidai ƙarƙashin bokitin. Shi ma ya daina duban sama. Sai aka lura tamfol ɗin da ake ɗaurawa can sama, kafin a gama cin abinci yakan sauko har ya taɓa hular mai tsayi. Aka ce igiya ce take saki, aka ƙara ɗaure ta. Man inji kuma ya fara ɗiga daga gwiwar hannun. Mai abinci ta yi ƙorafi zai ɓata mata miya, aka janye tukunyar gefe, aka sa gwangwani yana tarewa. Direba ya ga man nan, ya kuwa san abin da yake nufi sarai. Ya yi niyyar kiran makaniki ranar Juma'a. Juma'a ta zo aiki ya yi yawa, ya ce wata Juma'ar.

Ranar da abin ya auku ba ta bambanta da sauran ba. An ci abinci, mutane sun tafi alwala wajen tankin ruwa, direba na cikinsu. Dattijon nan kaɗai ya rage, ya miƙe ƙafa yana gyangyaɗi. Sai aka ji ƙara kamar taya ta fashe. Tiyon mai ne ya tsage, hannun ya sauko gaba ɗaya. Allah ya sa da sauran kwana, bokitin bai sami kansa ba, amma ya danne masa ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa. Direba ya ruga ya ta da inji, ya ja sandar ɗaga hannun, ya ja, hannu ya ƙi motsi, don man ya tsiyaye a ƙasa. Sai da aka kawo wata katafila daga can gaba ta ɗaga, dattijo na kwance yana salati. A asibiti aka yanke ƙafar. Da direba ya je dubiya ya kasa haɗa ido da shi. Dattijon ya ce, “Kada ka ɗora wa kanka, ɗana, ni na roƙe ka.” Direba ya ce, “Kai ba ka sani ba, Baba. Ni na sani.”

Daga baya, da yawo ya bi da ni ta wani gareji na manyan injuna, na tsaya na tambayi mai garejin, don ba na son in ba da abin da ban tabbatar ba. Ya ce mini in hannun nan yana sama, babu sakata babu ƙugiya, mai ne kawai a matse yake riƙe da shi, ko inji na aiki ko a kashe yake. Ka ga ke nan ranar farko da direba ya kasa jin ɗanɗanon abinci da ranar da ya tafi alwala hankali kwance, hatsarin ɗaya ne. Ba mugu ba ne, ba jahili ba ne, ya dai zauna a inuwar har ta daina ba shi tsoro. Hausawa sun ce, sabo turken wawa.