Ruwa a Tankin Injin Muntaka

Karo na uku ke nan injin hura ganyen ya yi tari ya mutu a hannun Muntaka. Shekara tara yana kula da lambun maigidansa Hamad a unguwar Safa, bai taɓa jin kunya irin ta wannan makon ba. Ya canza fulogi, ya wanke matatar iska, ya kwance kabireta ya mayar, duk a banza.

Hamad ya leƙo ta taga. "Idan gobe bai tashi ba, halas, shi ke nan, ka nemi wani wurin."

Ƙaninsa Zaharadden, wanda Muntaka yake riƙe da shi tun da aka rushe unguwarsu ta Karantina, ya ce, "Yaya, kai injin unguwar Waziriyya wurin Hashim makanike. Ni zan share maka ganyen kafin ka dawo."

Da Muntaka ya kai injin, Hashim ya juye fetur ɗin cikinsa a kwalba, ya ɗaga ta sama. "Injinka lafiyarsa ƙalau, Malam. Ruwa ake zuba masa. Wa ke taɓa shi bayan kai?"

Muntaka ya san Zaharadden ne kaɗai. Ya tari tasi ya koma, yana ta nema wa zuciyarsa wani bayani.

Tun daga ƙofa ya ji ƙarar sabon inji. Zaharadden ne rataye da shi, sanye da rigar aiki da aka ɗinka sunansa a ƙirji.

Hamad ya ce, "Kada ka damu, ya Muntaka. Tun watan jiya ƙaninka ya faɗa mini idanunka sun fara mutuwa, kana jin nauyin gaya mini."