Wa Ya Hana Gidan Lado Ruwa?

Malam Abdulganiyyu ya haska hoton a bangon aji, ya ce kowa ya buɗe ido, yau za a ga yadda ake auna amfanin aikin ƙungiyar agaji. Ƙauyuka biyu ne, in ji shi, masu kama da juna kamar an tsaga kara, ɗaya a ƙasar Kibiya, ɗaya a ƙasar Rano. Ƙarfin ƙungiyar na burtsatse ɗaya ne, sai ta haƙa wa na Kibiya, ɗayan aka ce ya jira baɗi. Ma'aikata suka riƙa zagaya duka biyun suna duba lafiyar yara. Da damina ta zo da amai da gudawa, bambanci ya fito fili.

"Na biyun nan shi ake kira ƙauyen kwatance," in ji Malam. "Ba don shi ba, da me za a gwada?"

Ɗalibai suka duƙufa rubutu. Hidaya kuwa biro ya tsaya mata cak, don ta gane kukar da ke cikin hoton, ta gane kududdufin da ke gindinta. Gidan Lado ne, can bayan Zurgu, inda aka yanke mata cibiya. A daminar nan aka yi ta ɗaukar yara zuwa makwanci, cikinsu har da yayanta Amiru, mai goya ta zuwa gona. Ita lokacin ba ta ma iya tsayar da magana ba.

Tun daga nan Inna, mahaifiyarta, ba ta sake dariya ba. Ta ciyar da Hidaya, ta sa ta makaranta, amma ko ruwa Hidaya ta miƙo mata sai ta ce, "Ajiye nan." Haka ma tsofaffin matan garin. Hidaya ta ɗora laifin a kan cindon da ke hannunta na dama, wanda yara suka sha yi mata tsiya a kansa, har ta saba da ɓoye hannun cikin hijabi. Abin yana mata ciwo, amma mutum yakan saba da gidan da ya tashi a ciki.

Bayan darasi ta tari Malam. "Wa ya zaɓi ƙauyen da za a ba?"

Ya ce abin da ya sani dai, an yi zaɓin ba son kai. Hidaya ta yi murmushin takaici. Ba son kai, a ƙasar nan? Ruwa ba ya tsami banza. Ko wani ya ci hanci, ko wani babba yana da surukai a Kibiya. Ta ɗauki maganar ta zama aikin bincikenta na ƙarshen zango, Malam har da yaba mata. Bai san ba maki take nema ba. So take ta ga mutumin da ya sayar da ran Amiru, ta kira sunansa a gaban jama'a.

Da ta je gida ta tambayi Inna, Inna ta ajiye muciya ta shige ɗaki, tuwo ya kama a tukunya. Mai unguwa ya saurare ta yana kallon ƙasa, ya ce, "'Yar nan, a bar kaza cikin gashinta." Wata tsohuwa da ta rasa jikoki biyu a annobar ta dube ta tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Ke ce mai tambayar?" Ta ja ƙyaurenta.

Wannan shirun ya ƙara tunzura ta. Duk wanda gari guda ke rufa wa asiri haka, ai ba ƙaramin mutum ba ne. Da ƙyar wani direba ya ba ta sunan Malam Uzairu, wanda ya yi wa ƙungiyar tafinta a wancan lokaci, yanzu yana sayar da taki a kasuwar Kibiya.

Ta same shi zaune tsakanin buhuna, tsufa ya fara rusunar da shi. Ta ce ita ɗaliba ce, ba ta faɗi garinsu ba. Da ya ji sunan Gidan Lado sai ya cire tabarau ya murza ido.

"Ba wanda ya ci ko sisi, 'yata. Gudun zargin nan ne ma ya sa dattawan garuruwan biyu suka ce a yi ƙuri'a a bainar jama'a. Aka sa goro biyu a ƙwarya aka rufe da faifai, fari na Gidan Lado, ja na Kibiya. Aka ce a nemo yaron da bai san fari bai san baƙi ba ya zura hannu."

Hidaya ta ajiye biro. Ta zo da wuta a ciki, ga shi babu wanda za ta ƙona. Ta tambaya, don dai aikin ya cika, ko ya tuna yaron.

"Yarinya ce, ban riƙe sunanta ba. Da jan goron ya fito har tafi ta yi, ta ɗauka wasa ne." Ya girgiza kai. "Uwar nake tausayi. Ita ce ta kutso cikin taro ta sauke ta daga bayan yayanta, tana rantsuwa cewa burtsatse ya zama na Gidan Lado an gama, wai hannu mai cindo ba ya rasa sa'a."