Sabuwar Duniyar Farfesa Ekdahl

"Ni na gano ta, Gunnel. Ke goge gilashi ne aikinki," in ji Farfesa Ekdahl, yana fesa mini yawun tabar da ya cusa a leɓe.

Wata shida ina duba hotunan gilashi na sararin samaniyar da ke bayan duniyar Neptune, inda komai ƙanƙara ne. Jiya na nuna masa wani sabon ɗigo a jikin wani gilashin hoto, bai bari na ƙarasa magana ba. Yau ya tara 'yan jarida, wai ƙaramar duniya ce, har ya raɗa mata suna.

"Nuna musu," ya ce.

Na sa farce na kankare ɗigon, na miƙa masa.

"Ga duniyarka, Farfesa. Har yanzu warin bakinka take yi."