Gidan Marigayiya

"Mama Agba, mu ƙara leƙa ɗaki ɗaya," in ji Morenike, matar ɗana Gbenro, tana riƙe da hannuna gam.

Tun safe take yawo da ni a gidan adana zane-zanen zamani na Legas. Matar da ko ruwa ba ta taɓa miƙo mini ba, yau har da saya mini moin-moin, wato alala. Wai tsufa ke kawo zargi. Ni dai kimiyya na koyar, ban san abu marar dalili ba.

Ɗakin duhu ne. A bango ana haska katafila tana rusa wani gida, babu sauti, sai ƙura.

"Wannan ma fasaha ce?" na tambayi ma'aikaciyar wurin.

"Ƙwarai, Mama. Duk inda mai gida ya rasu, magada suka sayar, can mai wannan fasahar ke kafa kyamara. Kai tsaye kike gani."

Morenike ta ja hannuna. "Mu fita, Mama, babu iska a nan."

"Ba ke kika kawo ni ba? Tsaya."

Ƙura ta lafa. Ga shuɗiyar ƙofa a yashe. Ga gwaiba. Ga rinannen zanena na adire da na shanya da safe yana kaɗawa a igiya.

Wani ya shigo hoton, waya a kunne. Gbenro ne.

Wayar Morenike ta yi ƙara. Na fizge, na amsa, na kara a kunne.

"Ki ƙara riƙe ta," in ji shi. "Saura ɗakinta."

"Gbenro," na ce, "marigayiyar ce. Gyara hularka, Legas na kallon ka."