An Sayar da Gola

Rediyon kicin ne ya faɗa: kulob ɗin wasan hokin ƙanƙara na garin ya sayar da golansa ga wani kulob a Florida.

Tsohon maigidan ya daki tebur don murna. Wata uku kenan yana sauya murya yana kiran shirin wasanni na safe, wai gwiwar golan ta mutu, ko tsintsiya aka bayar a madadinsa an ci riba.

"Sun dai ji maganar masana!" in ji shi.

"Sannu, masani," in ji matarsa. "Kai da ƙanƙarar ƙofar gida ma take kayar da kai."

Sai ga 'yarsu ta shigo, idanu jawur. Ta ajiye ƙananan takalman zamiya kan ƙanƙara a gabansa, waɗanda jikansa ke sawa su yi wasa tare kowace Asabar.

"Baba, mijina yana gaisuwa. Ya ce tun kiran farko ya gane muryarka. Ranar Juma'a za mu tashi zuwa Florida."

Matar ta miƙo masa waya.

"Kira su mana, masani. Tambaye su mu me aka ba mu a madadi."