Ƙarfen Tashi Hutu

Shekara biyu kacal na yi a lakol, wato makarantar boko, amma har yau ina jin haushin Sani, abokin zamana a benci.

Ruwan shuka ya sauka a Gangara, hutu ya matso, hankalin kowa ya koma gona. Sai malaminmu, da muke kira Mushe, ya nuna tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a dogonyaro. Ya ce wanda ya fi kowa shiru, shi zai buga shi ranar tashi hutu.

Ni da ko barci nake sai na yi surutu, na kame bakina kwana tara cur. Har tsunkulina aka yi, ban ce uffan ba.

Ranar da la'asar, sai Mushe ya miƙa wa Sani guduma.

Na ce, "Mushe, ai ba ladabi ba ne, haƙori ke mishi ciwo!"

Ya ce, "To kai kuma ga shi ka yi magana."

Sani ya buga sau uku, hannu guda dafe da kunci, duk gari na ji.

Jiya na gan shi a kasuwa, bakin nan ba haƙori ko ɗaya. Na gaishe shi sosai, amma ban yi mishi jaje ba.